Shafin Hajja Dudu Ya Kai Ni Garwa

Tun da na dawo daga Garwa ba a bar ni na huta ba. A majalisarmu ta Dubeli kowa da irin tambayarsa: wai da gaske burodinsu ya kai tsawon hannu, wai na iya Faransanci yanzu, wai ina tsaraba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauka ya ƙara masa gishiri, don haka ga shi nan gaba ɗaya. Amma ku sani tun yanzu, ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Istifanus ne sanadi, ko da yake shi bai ma san na yi tafiyar ba.

Ga wanda bai san shi ba, Istifanus ɗan wajen Numan ne, a Limawa yake zaune. Aji ɗaya muka yi a makarantar koyon kwamfuta nan Jimeta, benci ɗaya ma, kuma ni nake duba masa aikinsa kafin malam ya iso kanmu. Yau sana'armu ɗaya, gina wa 'yan kasuwa shafin intanet inda za su baje kayansu. Ba mu taɓa faɗa ba. Mutum ne mai fara'a da sauƙin kai, kuma wannan yana cikin abin da ke ba ni haushi, don ka rasa abin da za ka riƙe a kansa.

Babbar mai ba ni aiki ita ce Hajja Dudu, mai atamfa da leshi a kasuwar Jimeta, wadda rabin masu sarin kayanta a Kamaru suke. Shafin da na gina mata, wallahi ko yanzu ina alfahari da shi. Kowane launi da ɗan ɗigonsa da za ka taɓa. Gefe-gefe na zagaye shi da zane irin na aikin hula. Salon rubutun ma daga waje na ɗauko shi, ga 'yan alamomi na waya da na kwando da na tauraro, kowanne na matse shi har ba ya da wani nauyi. A ofishinmu, kan waifai, kafin ka ƙifta ido ya buɗe.

Ranar da ta kira ni shago, ko amsa gaisuwata ba ta gama yi ba ta nuna min kujera.

"Aliyu, zauna. Mutanen Garwa sun ce shafinka ba ya buɗewa."

"Hajja, ai netwok ɗinsu ne. Can ba kamar nan ba ne."

"To na Alhaji Bappa da wane netwok yake buɗewa? Daga sama ake sauko masa da nasa?"

Alhaji Bappa maƙwabcinta ne mai shadda, kuma duk layin an san wanda ya gina masa shafi. Istifanus ne.

"Ni ba na son canza mutum," in ji ta. "Ga saƙon kwastomomi zan aika Garwa. Ka kai da kanka, ka ga abin da idonka. In ka dawo ka gyara, alhamdulillahi. In ya fi ƙarfinka ka gaya min gaskiya, in kira yaron nan na Numan."

Da safe na isa tasha da jakar kwamfutata a baya da ledojin Hajja birjik, kowace da sunan mai ita. Direba ya ce but ɗin motar ya cika, wata mata ta riga ni da dila guda ta gwanjo. Sai na yi dabara, na cusa ledojin nan ko'ina: ƙarƙashin kujera, bayan kujera, tsakanin ƙafafuna, ɗaya a cinyar wani dattijo da bai ce komai ba sai kallona da yake yi. Na zauna ina jin kaina mai wayo.

Mai dilar ita ce Madam Rifkatu, doguwa mai murya, wadda ta san hanyar nan fiye da direba. Kafin mu tsallake gada ta riga ta san sunana da unguwarmu da dalilin da ya sa ban yi aure ba. Da ta ji sana'ata sai ta tafa hannu.

"Ah! To ka san Istifanus! Cocinmu ɗaya da shi. Wannan yaro, Allah ya ba shi kai. Shi ya yi ma ƙanwata nasa, ko a ƙauye yana buɗewa. Na correct boy."

Na ce na san shi sama-sama. Na juya ina kallon gonakin masara kamar ban taɓa ganin masara ba. A raina ina cewa, wato ko a cikin mota ba za a bar ni ba.

Hanyar Belel muka bi, kuma damina ce. Inda kwalta ta ƙare muka shiga taɓo, motar tana rawa, Madam tana gaya wa direba cewa motarsa ya tsufa ya kamata ya kai shi fansho. Can gaba muka tarar wani rafi ya kawo ruwa har gwiwa. Direba ya ce kowa ya sauka da kayansa, sai motar ta yi sauƙi za ta iya haurawa.

Madam Rifkatu ta sa aka ɗora mata dilarta a ka, ta tattare zani, ta ratsa ruwan sau ɗaya, ta zauna a kan dilar tana cin gyaɗa. Ni kuwa hannu biyu gare ni, ga kayan mutane da ba a so su jiƙe. In ɗauki leda biyu in haura, in ajiye, in dawo, in ɗauki biyu. Duk cikinsu babu mai nauyi, amma kowace sai na shiga ruwan nan dominta. A ɗaya daga cikin dawowar taɓo ya riƙe min takalmi, na sunkuya ina lalube, wandon shaddata ya koma kalar ƙasa. Motar ta haura, kowa ya shiga, ni ina tsallake da sauran ledoji.

"Oga kwamfuta!" Madam ta ɗaga murya. "Kayanka ba shi da nauyi, amma kai ka fi kowa shan wahala!"

Har dattijon nan mai shiru sai da ya yi dariya.

A kan iyaka ba mu sha wata wuya ba. Aka duba takardunmu a wannan gefe, aka sake dubawa a wancan. Abin da na fara lura da shi, Hausar da nake taƙama da ita ta rage daraja. A Jimeta ko Bafulatani ne ya ga ka kasa sai ya juya maka zuwa Hausa. Can kuwa Fulatanci ne kan gaba, sai Faransanci, Hausa sai in an ga za ka nutse. Jami'in da ya karɓi takardata ya yi min tambaya, na amsa da ɗan Fulatancina na kasuwa, ya kalle ni da tausayi ya ce, "Ɗan Yola ne kai kuwa?" Na ce Jimeta. Ya gyaɗa kai kamar wannan ya warware komai. A nan wayata ta ɗauke sabis, sai da Madam ta raka ni na sayi layinsu, sannan muka bi ta Gashiga zuwa Garwa.

Garwa gari ne na babura. Mu da muka saba da keke mai ƙafa uku, sai ka ga mace da kayan miya ta haye bayan babur tana waya, ko a jikinta. Benuwen nan tamu ita ce dai ta ratsa su, kifin ma iri ɗaya ne, amma su sukan gasa shi gaba ɗaya su zuba masa wani yaji mai tsami, a ci da wani abu na rogo da ake naɗewa a ganye. Na farko na ci da ƙyar saboda warinsa, na biyu na nemi ƙari. Burodin kuwa gaskiya ne, dogo ne kamar sanda, ɓawonsa na yanka dasashi. Sai ka tsoma a shayi ya yi laushi.

Masaukin da Madam ta nuna min ba laifi, sai dai fankar ɗakin ƙara kawai take yi, iskar a sama take tsayawa. Wani abin da ya ɗaure min kai, da rana ta take sai ka ga an ja ƙofofi, wai an tafi hutu. A kasuwar Jimeta ka rufe shago da rana, maƙwabta za su biyo ka gida su tambayi wa ya rasu.

Washegari na rarraba saƙonni, na bar na Alhaji Hamadu a ƙarshe, don shi ne babban mai sarin kayan Hajja, kuma shi ya fara kai ƙorafi. Dattijo ne fari siriri, yana zaune kan tabarma a ƙofar shagonsa, ya iya Hausa daidai gwargwado. Da na faɗi wanda ya aiko ni, sai ya ce "Jaɓɓama," wato sannu da zuwa, ya ciro waya, ya danna shafin Hajja, ya kife ta a kan tabarma. Sannan ya miƙo min hannu.

A Jimeta mun riga mun yanke gaisuwa, "ya gida ya aiki" kana tafiya. Can ba haka ba ne. Ya tambayi gajiyata, ya tambayi ruwan hanya, ya tambayi gida da iyaye, ya saki hannuna ya taɓa ƙirji ya sake kamawa. Ya tambayi Hajja, da 'ya'yanta, da kasuwa, da mutanen Yola gaba ɗaya, ni dai "Jam," wato lafiya, kawai nake ta jerawa. Da muka gama ya ɗauko wayar ya juyo min da ita.

Fari fat. Sunan Hajja ne kawai a sama, sai 'yan ɗigon launi da suka fito nan da can kamar haƙoran tsoho. Atamfa ko ɗaya ba ta bayyana ba.

"Haka muke yi," in ji shi. "In danna, in gaisa da baƙo. In mun gama bai zo ba, to ba mai zuwa ba ne." Ya sa wayar a aljihu, sannan kamar ya tuna wani abu ya sake cirowa. "Tsaya ka ga na Bappa."

Ya danna, ya kife, ya miƙo min hannu don wasa. Kafin in ce "Jam" na biyu ya ɗaga wayar, ga shadda a jere da farashinta.

Kunya na ji, amma kishi ya fi yawa. Shafin nan ba shi da komai. Farin bango, baƙin rubutu irin wanda ke zuwa da kowace waya, hoto, farashi, lambar kira. Irin aikin da da malaminmu zai ce a sake.

"Ai Alhaji ba kwalliya a ciki ko kaɗan," na ce.

"Kwalliya tana jikin shadda, ɗana. Wanda ya yi wannan ya san mutane. An ce wani Kirista ne ɗan Numan, ko? Allah ya yi masa albarka."

Na ce amin. Ban taɓa faɗin amin mai ɗaci irin wannan ba. Ya sa aka kawo min tuwo da miyar yakuwa, wadda suke kira follere, na ci ina jin kamar ƙasa nake haɗiya, shi kuwa yana ta ba ni labarin yadda matan unguwarsu ke taruwa kan waya ɗaya su zaɓi shadda. Bai san ni na gina na Hajja ba. Ya ɗauka ɗan aike ne ni, ni ma ban gyara masa ba.

Da aka ja ƙofofi don hutun rana na koma masauki, na haɗa kwamfuta da layin da na saya, na shiga burauza, manhajar buɗe shafuka, na buɗe wurin nan da ke nuna duk fayil ɗin da shafi ke nema. Ba don in gyara nawa na fara ba, in faɗa muku gaskiya. Aibin na Istifanus nake nema.

Amma nawa na fara dannawa, sai ga fayiloli suna zubowa kamar tururuwa. Kowane ɗigon launi fayil ne mai zaman kansa. Kowace alama haka. Zanen hular nan gunduwa-gunduwa ne, kowace gunduwa da nata. Fayilolin da ke tsara kamannin shafi na raba su kashi-kashi don in ji daɗin aiki, ga salon rubutun da sai an je wata saba daban a can waje an ɗauko. Saba ita ce kwamfutar da shafi ke ajiye a cikinta, kuma duk fayil ɗin da waya ke so sai ta aika ta tambaya, ta jira amsa ta dawo. A kan waifai ɗin ofis wannan zuwa da dawowar ba ka ma jin ta. A netwok mai rauni kuwa, kowace tambaya sai ta yi jira, kuma wayar ba ta iya aika su duka a lokaci guda, sai sun bi layi. Hotunan atamfar, waɗanda dominsu aka zo, suna can bayan layi suna jiran tauraro da kwando su wuce. Na kalli wandona da na shanya a taga, har yanzu da shatin taɓon rafi, na ji muryar Madam Rifkatu a kunnena.

Sai na buɗe nasa. Fayilolin ba su cika tafin hannu ba. Alamominsa duka ya jera su a hoto guda, shafin ya riƙa nuna ɓangaren da ake buƙata. Tsarin kamanni fayil ɗaya ne. Salon rubutu bai ɗauko na kowa ba. Hotunan da ke ƙasan shafin ba sa zuwa sai mutum ya gangaro kansu. Abin da ya fi ƙona min rai, da na duba nauyi, abin da nasa ke saukewa da farko ya fi nawa nauyi. Ni na ɓata makonni ina matse fayiloli don su yi ƙanana, shi ya rage yawansu kawai ya tafi abinsa.

Duk yammacin nan na ƙare shi ina bin shafin yaron nan layi-layi. A ƙarshe na samu hoton wata shadda da aka ɗauka a ɗan karkace. Ku yarda da ni, sai da na ji sanyi a raina. Na ƙura masa ido na ɗan lokaci ina murmushi ni kaɗai, kafin na tuna cewa karkataccen hoton nan yana buɗewa a Garwa, nawa madaidaita ba sa buɗewa. Na ɗauko waya har na nemo lambarsa, don na san in na tambaye shi zai zauna ya nuna min komai da zuciya ɗaya. Sanin hakan ne ma ya sa na ajiye wayar.

Dawowa ba ta da wani labari. Rafin ya janye, hannuna ba kaya, ba Madam Rifkatu, sai wani mai awaki da ya yi barci a kafaɗata har Jimeta.

Na kulle kaina a ofis na hau aiki. Alamomi na haɗe su hoto ɗaya. Ɗigon launi na daina yin su da hoto, na sa shafin ya zana su da kansa. Fayilolin tsari na dunƙule su wuri guda, na sallami salon rubutun waje, na sa atamfa ta farko ta riga kowa zuwa. Zanen hula shi ya fi yi min ciwo. Na yi ta neman hanyar da zan bar ko gefe ɗaya, daga baya na rufe ido na goge shi. Waifai kuwa na daina yarda da shi. Keke nake hawa in wuce cikin Yola har can bayan gari inda sabis ke sanda ɗaya, in danna, in kife wayar, in gaisa da duk wanda na tarar. Wani mai rake har ya fara zargina. Ranar da shafin ya riga shi amsa "lafiya lau," na san na gama.

Na tafi shagon Hajja da ƙarfin gwiwata. Na tarar tana dariya da waya a hannu.

"Yauwa, Aliyu, ka zo daidai. Alhaji Hamadu ne ya turo saƙon murya. Saurara."

Muryar dattijon ta fito, gaisuwa tukuna, doguwa kamar kullum. Sannan ya ce shafi ya gyaru, yanzu kafin a gama sallama ya buɗe, mata sun zaɓi kaya, a shirya masa dila.

"Kin yi dabara da kika kira yaron Numan," in ji shi. "Muna gani muka gane hannunsa ne. A gaishe shi da kyau. Wancan da kika aiko mana ma yaron kirki ne, ya iya kai saƙo, ko leda ɗaya ba ta ɓata ba."

Hajja ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye. Ni ban ga abin dariya ba.

"Hajja, ai sai ki gaya masa ni na yi."

Ta share ido da gefen mayafi, ta dube ni sosai.

"Aiki naka ne, Aliyu, ba na canza ka. Na ga ƙoƙarinka, useko, na gode. Amma wannan ka bar shi haka. Sunan yaron nan ya riga ya shiga kunnensu. In sun ɗauka shi ne, hankalinsu a kwance yake, ni kuma kaya nake so su saya."

Ta danna wayar ta kai bakinta. "To Alhaji, madalla. Zai ji, in sha Allahu." Ta ajiye, ta juyo gare ni kamar ba komai. "Kai ka fi ni ganinsa. In kun haɗu ka isar masa da gaisuwar Alhaji."

Mun haɗu da Istifanus tun daga ranar, ba sau ɗaya ba. Ya tambaye ni aiki, na ce alhamdulillahi. Gaisuwar tana nan wurina, har yau ban isar ba.